Fuskar Tsoho Lathom Kafin a Ce Fara

Litinin, 6 ga Oktoba 1952, da safe kafin mota ta zo

Yau na shiga mako na huɗu ina darakta, kuma har yanzu in na hango kujerar nan da aka rubuta W. SOWERBY a bayanta sai in ji kamar in aika garinmu Grimsby a kwaso mini duk 'yan layinmu su zo su gani. Ni ɗan mai dakon kifi ne fa. Ina ɗan shekara sha biyar na bar makaranta, na shigo sana'ar nan da ɗaukar gwangwanayen fim daga bene zuwa bene, na yi shekara ashirin a ɗakin yanka fim, inda ake datse hotuna a haɗa, ina gyara shirmen daraktoci 'yan jami'a, su sha tafi ni in sha ciwon wuya. To ga ni nan yanzu.

Matata Enid ta ce in na ƙara tsayawa gaban madubi da sabuwar hular nan za ta ba mai kawo madara ita. An daina raba ganyen shayi da kati irin na lokacin yaƙi, shi ya sa ta dafa mini mai kaurin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Komai na tafiya daidai. Komai.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

Mista Peverell, furodusanmu, ya sauko ɗakin majigi ya kalli hotunan jiya. Yaro ne, bai kai arba'in ba, da lallausan hannu da Turancin manyan makarantu. Da aka kunna fitila ya juyo ya ce, “Sowerby, ina sauran?”

Na ce, “Sauran me, yallaɓai?”

Na san abin da yake nufi sarai. Sauran daraktoci kowace fitowa sai sun ɗauke ta daga nesa, daga kusa, daga gefe, a maimaita a sake maimaitawa, sannan su jibge wa mai yanka kamar wankin gidan haya, wai ya nemo musu fim a ciki. Ni na gama yanka fim ɗina a kaina tun kafin a kunna kyamara. Abin da zai shiga shi kaɗai nake ɗauka, daga inda zai fara zuwa inda zai tsaya, ba ƙari. Na gaya masa haka. Ya ce to in wani abu ya faru fa? Na ce me zai faru, ni da na san kowace gaɓa?

Abin da ban gaya masa ba shi ne, fim ɗin da ba shi da rara ba wanda ya isa ya sake masa fasali. Hanya ɗaya kawai zai haɗu, tawa. Su kai shi ofis su juya shi yadda suke so, a hannuna zai dawo. Ina jin ya gane, don ya yi wannan murmushin nasa na gefen baki ya ce Allah ya ba da sa'a.

Juma'a, 10 ga Oktoba, lokacin abincin rana, bakin kogi

Tsohon nan Ambrose Lathom zinariya ne. Shekara hamsin yana yawon dandamali daga gari zuwa gari, ba wanda ya taɓa ba shi jarumta a fim sai ni, kuma sai da na buga tebur kafin kamfani ya yarda. Ga shi nan a tsohon kwat da hular mai jirgin fito, sai ka rantse a cikin jirgin aka haife shi. Labarin ba wuya: an gina gada, za a rufe jirginsa, shi kuma ya ƙi bari saboda ɗansa da ya tafi yaƙi ta wannan jirgin ya tafi, ta nan kuma yake sa ran zai dawo.

Yau ya sa ma'aikata dariya a kaina. Ina da ɗabi'a, in an tafa allon nan mai lambar fitowa a gaban kyamara ba na cewa a fara nan take, sai na ja numfashi na sauke, na sake ja. Ɗakin yanka ne ya koya mini, don na sha zagin daraktocin da ke cewa a fara tun allo bai bar fuskar mutum ba, ka rasa inda za ka sa almakashi. Tsohon ya ce wa Reg mai ɗaukar hoto, da ƙarfi don in ji, “Dubi maigidanku. Da an tafa allo sai ya tsaya kamar wanda ya manta sunan matarsa a coci.” Na ce masa ai shi ya saba jira, shekara hamsin yana jiran a tafa masa. Ya cire hula ya rusuna ya ce, “Ka ci wannan, ɗana.”

Ɗana yake ce mini. Ba wanda ya ce mini haka tun rasuwar Baba.

Bayan an watse ya riƙe ni da wata magana, wai mu ɗauki jawabin ƙarshe a mako mai zuwa tun yana da zafi a bakinsa. Shafi uku ne, ranar rufe jirgi, yana tsaye a kan matsaya yana wa mutanen gari magana. Nan ne zuciyar fim ɗin. Na ce masa a'a, shi ne na ƙarshe a tsarina kuma na ƙarshe za a ɗauka, ina so ya iso wurin da duk gajiyar labarin a kafaɗarsa. Ya ce, “Gajiya kam za ka samu.” Muka yi dariya.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Fitowa tara a yini ɗaya. Reg ya ce bai taɓa ganin irin wannan gudu ba. A gaya wa 'yan jami'a.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Ruwan sama na gaske, ba na mesa ba! Na ce kowa ya fito, irin wannan ba a saya. Muka ɗauki wurin jan igiya, tsohon yana ja ruwa na dukansa, kogin ya yi baƙi ƙirin. Sai da muka yi sau uku, ba laifinsa ba ne, igiyar ce ta yi ta kuɓucewa. Na ukun, Allah ya sani, tsigar jikina ta tashi. Ba a taɓa ɗaukar irinsa a ƙasar nan ba, in an taɓa da na gani, don rabin finafinan ƙasar ta hannuna suka bi.

Kofin shayi ya suɓuce masa bayan nan. Sanyi ne. Ya nemi kujera, na ba shi tawa mai sunana, ya ce ashe yau an yi masa ƙarin girma.

Enid ta ce mutum mai shekara saba'in da wani abu a cikin ruwa. Na ce mata ba ta san 'yan wasa ba, abin da ke raya su ke nan.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da rana

Ba mu yi aiki ba bayan allon farko. Motar asibiti ta zo ɗaukar tsohon da wuri, a nan kam a yaba musu.

Asabar, 18 ga Oktoba, da safe

Gajiya ce. Zai huta mako guda ya dawo. Saura jawabin kawai, duk sauran yana cikin gwangwani.

Litinin, 20 ga Oktoba, da yamma

Peverell ya kira ni ofis, har da rufe ƙofa. Ya yi magana da likita. Likitoci suna son manyan kalmomi, ban riƙe ba. Abin da ya fito dai shi ne kada mu sa rai da jawabin, ba wannan watan ba, ba na gaba ba.

Ya tambaye ni me nake da shi na rara da za a haɗa wani ƙarshen da shi. Ya ce da wani darakta ne da yanzu akwai gwangwanaye cike da tsohon yana tafiya, yana zaune, yana kallon ruwa, a lallaɓa a rufe labari. Bai ɗaga murya ba, gara ma ya ɗaga. Manyan kamfani sun riga sun yi shawara: a zubar da duk abin da muka ɗauka, a sake daga farko da wani babban jarumi, shi kuma jarumin da daraktansa yake zuwa. Ni in koma ɗakin yanka, wai ai ba wanda ya fi ni a can. Tsohon kuma a share shi kamar bai taɓa sa hular ba.

Na ce masa mai kamfani yana ƙetare, sai Juma'ar ƙarshen wata zai dawo ya sa hannu. A ba ni zuwa ranar. In na nuna masa fim mai ƙarshe, a bar mini abuna. Ya ce da me zan yi ƙarshen, da addu'a? Na ce wannan matsalata ce. Ya ce to.

Na fito ina jin jinina na gudu kamar ranar da na fara riƙe almakashi. Sun manta ko ni wane ne. Na taɓa haɗa faɗan teku guda da jirgi ɗaya da hayaƙin murhu.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Mun gwada wani mutum mai tsayinsa, aka sa masa kwat da hula, Reg ya ɗauke shi ta baya. Buhun dankali ne da hula. Tsohon ko bayansa magana yake. Na sallami mutumin.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Babu komai. Na bi fim ɗin daga kai har gindi, ko taku ɗaya na banza ban ɗauka ba. Aikin gwani.

Laraba, da yamma

Enid ta je asibiti ba ta gaya mini ba. Ta kai wa Misis Lathom kek ɗin da ta cinye mana sukarin mako a kansa. Ta fara ba ni labari, wai yana gane mutane, hannun hagu yana aiki, na ce mata ina cin abinci. Ta ce matar ta tambaye ni. Na ce ta gaya musu aikinsa nake ceta, wannan ya fi zuwa a tsaya a kan mutum da fure. Ta kwashe kwanuka da ƙara fiye da yadda ake bukata.

Zan je in na samu sarari.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da rana, ɗakin yanka

Na samu! Na samu!

Ina zaune ina kallon kwandon guntaye, inda muke rataye duk abin da aka datse daga kai da gindin kowace ɗauka, don ƙa'idar ɗakin yanka ba a zubar da guntu ko na gida ɗaya ne, wato hoto ɗaya a jikin zaren fim. Na ja ɗaya don kawai hannuna ya samu abin yi, na ɗaga shi ga fitila. Ga allo. Ga allo ya fita. Sai ga tsohon, a kwat da hula, a kan matsayar jirgi, yana jira in ce a fara.

Numfashin nan nawa da suke mini dariya a kai. Kowace ɗauka tana da shi. Na sa a injin dubawa na murza: mutum ne tsaye yana kallon wani wuri a ƙetaren kyamara, bai san ana kallonsa ba, yana jira. To mene ne labarin gaba ɗaya in ba mutum yana jira ba? Me zan yi da jawabi shafi uku? Zan ɗauki kogi babu kowa, da gadar, da jirgin a ɗaure, da hanyar da ke gangarowa daga ƙetare, in riƙa sa fuskarsa a tsakani. Ba kalma ko ɗaya. Mai rubutun labarin zai suma, ya sha ruwa ya farfaɗo.

Na kira Reg a waya na ce ya shirya Litinin. Ya ce maigida ka sha wani abu ne? Na ce na sha shekara ashirin a ɗakin nan, abin da na sha ke nan.

Peverell da digirinsa zai shekara a gaban kwandon nan bai ga komai ba sai shara.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Na tsince su duka, waɗanda aka ɗauka a matsaya da waɗanda sama ce kawai a bayansa. Sun ishe ni har da zaɓe. Ban ci abincin rana ba, ban ma tuna ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan an taso coci

Na shigo sutudiyo ba kowa sai mai gadi. Don in san abin da ke hannuna na jera guntayen bisa ranar da aka ɗauke su, na manna, na murza.

A na makon farko yana taunar dariya, ka san yanzu ya gama tsokanar wani. A na biyu yana nan lafiya, sai dai ya fara dafa ƙarfen matsaya. A na uku yana lumshe ido yana buɗewa kamar mai neman inda ya ajiye wani abu. Na ranar ruwan sama yana kallon hannunsa na dama. Yana kallonsa kawai.

Hasken ne ya yi ta canzawa, kaka ta yi nisa.

Amma a matsayin fim, kai! A haka zan bar su, a jeren nan. Mutum ya tsufa a gaban idonka cikin minti biyu, yana jiran ɗan da ba zai zo ba. Ba jarumin da zai iya wasa wannan, ko nawa za a ba shi. Na ƙarshe shi ne na safiyar Juma'ar da motar asibiti ta zo, allon farko. Fuskarsa ta cika hoton, idonsa a kaina, sai leɓensa na gefe ɗaya ya fara sauka a hankali. Duk wanda ya gani zai ce kuka ne ya zo masa yana dannewa. A nan fim zai ƙare. Mata za su jiƙa hankici, maza su yi ta gyaran murya.

Na kashe injin na fita na zaga filin ajiye motoci. Ɗakin ba iska.

Litinin, 27 ga Oktoba, da yamma

Kogi ya ba mu haɗin kai, hazo-hazo, da tsuntsu ɗaya da ya sauka kan igiya kamar an biya shi. Reg bai yi tsokana ba yau. Da aka tafa allo na tsaya jan numfashina, sai na tuna ba wanda zan ce wa ya fara.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Enid ta kawo mini abinci sutudiyo, na ce ta zo ta ga abin al'ajabi. Ta sunkuya kan injin na murza mata. Ta gama ta miƙe tana gyara safar hannu.

Na ce yaya?

Ta ce, “Wilf, wannan ai ba wasa yake ba.”

Na ce kowa zai ɗauka wasa ne, nan gwanintar take.

Ta ce, “Kai fa da kake tsaye a gabansa, me ka ɗauka?”

Mata ba su san aikin darakta ba. Mutum yana kallon haske, yana kallon agogo, yana kallon gajimare, ma'aikata arba'in suna jiran bakinsa. Ta bar mini abincin ta tafi. Naman ya yi gishiri.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Na nuna wa Peverell a babban majigi. Aka kunna fitila bai juyo ba, ya ciro hankici wai gilashinsa yake gogewa. Na ce a raina, kamu! Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, musamman hoton ƙarshe, wurin leɓen, shi ne zai sayar da fim ɗin ga mai kamfani. Na ji kamar in yi rawa a kan kujeru.

Sai ya ɓata. Ya ce yarjejeniyar tsohon ta wasa ce, wannan kuwa ba wasa ba ne, mutum ne a tsaye ba ya jin daɗin jikinsa. Ba zai nuna wa kowa ba sai Lathom da kansa ya gani ya yarda. Na ce ya aika masa takarda. Ya ce ba takarda, ni zan je, fim ɗina ne. Na ce mutumin da ba ya iya magana ta ina zai yarda? Ya ce, “Ashe ka san ba ya magana.”

Yaron nan ba abin da ya sani a fim, amma ya iya sa ƙafa a inda ke ciwo.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Na je har ƙofar asibitin da inabi a takarda. Ba lokacin ziyara ba ne, ai ba a shiga haka kawai. Na cinye inabin a bas.

Alhamis, da yamma

Enid ta riƙe hannuna kamar mai kai yaro wurin mai cire haƙori. Gadonsa na bakin taga. Ya ragu. Misis Lathom, 'yar ƙaramar mace mai saƙa a cinya, ta tashi ta ba ni kujera ta ce kullum in an buɗe ƙofa sai ya duba. Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce ta sani, matar ɗan wasa ce ita.

Na yi masa bayani da sauri, ina jin na yi ta zuba, har da labarin tsuntsun. Ya kafe ni da ido. Na ciro zaren fim ɗin, na tsaya a taga na riƙa jan shi tsakanin yatsuna yana bi da gilashin ƙara girma a hannun hagu. Da ya gane abin da yake kallo sai ƙirjinsa ya fara girgiza. Na tsorata, matar ta ce dariya yake. Ta ce, “Shekara hamsin kana haddace magana, Ambrose, ashe abin da suke so ka yi shiru.” Ya buga katifa da hannu.

Haka muka bi har na ƙarshe. A nan dariyar ta tsaya. Ya sa na koma baya, na sake ja, ya sake sa na koma. Sai ya miƙa hannu zuwa aljihun gabana inda jan fensirin nan mai maiƙo yake, wanda muke sa alamar yanka da shi. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa sa alama a zarena, ko darakta ko furodusa, kowa ya san haka a sana'ar nan. Na ba shi. Na dafe masa zaren a jikin gilashin taga, ya ja layi a karkace, daidai gidan da leɓen bai fara motsi ba.

Na ce masa, Mista Lathom, abin da ke bayan layin nan shi ne ya fi komai ƙarfi, shi Peverell ya ce zai cece mu. In na cire, wataƙila gobe su zubar da mu duka biyun.

Ya ƙara danna fensirin a kan layin har bakinsa ya karye. Ya yi ta kokawa da harshensa, muna tsaye, ba wanda ya taimaka masa don matar ta ɗaga mana hannu. Abin da ya fito kalma biyu ne, kuma na ji su sarai.

“Nan, ɗana.”

Ma'aikaciyar jinya ta kaɗa ƙararrawar ƙarshen ziyara. A bas Enid ta ba ni hankicinta, na ce mata mura ce, tun ranar ruwan nan take bina.

Juma'a, 31 ga Oktoba, da safe, ɗakin yanka

Ba wanda zai sani in na bar hoton ƙarshen yadda yake. Tsohon ba zai taɓa shiga sinima ya gani ba. Na sa almakashi na cire, na sake ɗauka, na ajiye. Na sha shayi. Ƙarfe sha ɗaya za a nuna.

Juma'a, da yamma

An bar mini fim ɗina! An bar mana!

Mai kamfani ya zauna a gaba da sigarinsa, ya yi ta tari har rabin fim, daga wurin igiya tarin ya ɗauke. Da aka zo ƙarshen sigarin ya mutu a hannunsa bai sani ba. Fuskar tsohon ta cika bango, idonsa a kanmu, bakinsa a daidai, sai duhu. Na ji Peverell ya motsa a bayana, ya gane an taɓa wurin. Bai tona mini asiri ba, zan riƙe masa wannan.

Mai kamfani ya tambaya ina jawabin da ya biya a rubuta. Na ce yana fuskar mutumin, yallaɓai. Ya yi gurnani ya ce hoton ƙarshen kamar ya yi gajarta, ba a ɗan ƙara ba? Na ce iya tsawonsa ke nan, babu rara, kowa ya san ni ba na ɗaukar rara. Ya ce ai ya ji labari, kuma in na sake yi masa haka a fim na gaba zai rataye ni a ƙofar sutudiyo. Fim na gaba! Da bakinsa ya faɗa, Peverell shaida ne. Sunan tsohon zai fito a sama da sunan fim, da manyan baƙaƙe, na sa an rubuta kafin in fita.

Na buga waya asibiti aka kira Misis Lathom. Ta ce za ta gaya masa in ya farka, yau barci yake ta yi.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da safe

Na biya ɗakin wanke hoto na karɓo asalin guntun nan da kaina, na haɗa da wanda na yanke jiya. Bai fi tsawon hannuna ba. Ba a zubar da guntu, ni na koya wa rabin masu yankan garin nan haka. Na sa shi a murhun kicin. Enid tana tsaye da buta, ta bari sai da ya gama narkewa sannan ta zuba mini shayi.

Na sake duba ƙarshen a kaina. Layin nasa daidai ne, bai kuskure ko gida ɗaya ba. Da ma ni ma nan zan yanke.

Ziyara ƙarfe biyu. Na sayi wani inabin.